Hedikwata a Tsakiyar Alkama

A duk ƙasar Bakura, kai har ka leƙa Mafara ka dawo, ba a taɓa yin mai cika baki irin Mainasara na Tungar Nagode ba. Shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Bakolori ya samu aikin gadi a yadin kamfani a Talata Mafara. Aikin ba wani abu ba ne, mota ta zo ya ɗaga sanda, ta wuce ya sauke. To, kusa da yadin akwai wasu 'yan sojoji da suka yi zango. Wata rana wani kofur ya miƙa masa oba-oba, rediyon nan da sojoji ke magana da juna, ya riƙe masa, shi kuma ya duƙa yana ɗaure takalmi. Shi ke nan fa! Daga wannan riƙon Mainasara ya zama gwanin tsaron iyakar ƙasa. Da aiki ya ƙare ya dawo gida da tsohon kaki, da usur, da hular kwano mai tsagu, da labarin da ba ya ƙarewa. Yau shi ne ya tsare iyakar Nijar, gobe shi ne ya koya wa Turawa yadda ake gane ɓarawo tun bai baro gidansu ba.

Mutanen tunga kuwa ba labari ne ya dame su ba, ciki ne. An karɓe fadamunsu, katafila ta yi ta baje ƙasa shekara da shekaru ba a yi shuka ba, rumbuna suka bushe har ɓeraye suka yi ƙaura. Sai a ranin nan aka yanka wa kowane gida ɗan fili a bakin magudanar ruwa, wadda kowa ke kira kanal, aka shuka alkama. Filin Mainasara ya faɗo tsakiyar filayen. Matarsa Baturiya ce ta rabu da tunkiyarta ɗaya tilo aka samo iri, ita ce kuma take tasa shi gaba zuwa ban ruwa, don in ta bar shi sai ya ɓige a gindin tsamiya yana tsare iyakar Nijar. Alkamar ta yi kyau, har ta fara fitar da kai. Ita ce abincin gidan har damina, babu wata.

Matsalar ɗaya ce. Kanal ya datse tsohon burtali, saboda haka shanun Ardo Buba da ke gangarowa daga wajen Faru zuwa mashaya sai sun bi ta gefen filayen. Buba mutumin kirki ne, yana iya ƙoƙarinsa, amma saniyar da ta wuni tana gaigayar kara in ta hango kore shar ba ta jin Fillanci.

Maigari Nasidi ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da sanyi, sai Barau, maƙwabcin Mainasara, ya ce a sari ƙaya a yi shinge kamar yadda iyaye suka yi.

Mainasara ya yi dariya har hular kwano ta zamo masa kan hanci.

"Ƙaya! Ranka shi daɗe, ka ji hwa. Mutane sun tai wata sun dawo, Barau na nan ga ƙaya."

"To kai da kad dawo daga watan, hwaɗa muna," in ji Barau.

Mainasara ya miƙe, ya harɗe hannu a baya irin na kofur ɗin nan.

"Tsaro na zamani, ranka shi daɗe, ba ido guda ba na. Soja ba su yin haka. Akwai mai gani, akwai mai ji, akwai mai shinshina, akwai mai taɓi. Kowa na aikinai can bakin iyaka. Amma sirrin abin, a ɗaure su duka wuri guda, su riƙa kawo rahoto hedikwata. Kwamanda na zaune, ko ƙuda yaƙ ƙetare iyaka ya sani."

"Wa za shi zan kwamandan?" Barau ya tambaya.

Mainasara ya gyara hula.

Maigari Nasidi mutum ne mai son zaman lafiya, amma ya fi son kallo. Ya ce a ba shi dama, in abin ya yi, ranar girbi a naɗa masa rawanin Sarkin Gadi. Mainasara ya ƙame ya sara masa, har gwiwar hannunsa ta bugi kunnen na kusa da shi.

Kafin mako ya zagayo ya addabi tunga da aro. Mai ji, ya ari zabin wata tsohuwa Taiba ya zuba a kwando. Mai shinshina, ya ari karen maharbi Ɗanasabe. Mai taɓi, ya je kasuwar Mafara ya tsinto gwangwanayen madara da na tumatir buhu guda, ya zuba musu tsakuwa. Mai gani kuwa madubin Baturiya ne na aure, ya faki idonta ya zare shi daga bango ya maƙala a kan wani gawo. Ya tufka igiyar rama mai tsawon gaske, ya ja ta daga bakin burtali da sauran kusurwoyin filayen, ta bi 'yan tudun nan da suka raba fili da fili inda ake takawa da ƙafa. Kwandon zabi na rataye a igiya, kare na ɗaure a igiya, gwangwanaye na reto a igiya. Dukkan igiyoyin suka haɗu a wuyan jakinsa, wanda ya naɗa jiniya. Kusa da jakin ya kafa wata doguwar rumfa mai hawa, ya ce ita ce hedikwata. Ina ya kafa ta? A tsakiyar alkamarsa.

Baturiya ta kawo masa fura ta tarar an tattake mata kunya biyu.

"Malam, duk hilin Allah ba ka ga wurin rumhwa ba sai cikin alkama?"

"Hedikwata tsakiya taka zama, Baturiya. Ke mi kis sani ga aikin soja?"

"Ban san soja ba. Tunkiyata nis sani."

"Kwantar da hankalinki. Duk ƙasar ga babu hilin da yak kai wanga tsaro. Ke kam ki hwara shirin zama matar sarki."

"Ina madubina?"

"Shina bakin daga."

Barau ya leƙo daga filinsa, ya ɗaga kai ya dubi rumfar, ya bi igiyoyin da kallo.

"Kwamanda, wanga ai abin korar tsuntsu na. Masu shinkahwa na yi tun muna ƙanana."

"Nasu na tsuntsu na, wanga na abokan gaba na. Ka koma ga ƙayarka, Barau."

Washegari da hantsi aka fara aiki. Mainasara ya hau rumfa, ya rataya usur, ya zauna yana jiran abokan gaba. Iska ta ɗan juya, ta kai wa karen Ɗanasabe ƙanshin zabi. Shi kuma kare tun da aka haife shi aikinsa ke nan, bin zabi. Ya yi kukan kura, igiya ta girgiza. Da yake duk igiyoyin a haɗe suke, kwandon zabi ya yi tsalle, zabi suka ɗauki ihu. Kare ya ji muryarsu ya ƙara haukacewa. Gwangwanaye suka kama kwaramniya gabas da yamma, kudu da arewa, jaki ya ji ana fizgar wuyansa ya buɗe baki. Mainasara ya miƙe tsaye a kan rumfa yana busa usur kamar ransa zai fita.

"An shigo! An shigo!"

Maza suka fito a guje da sanduna da fartanyu, wani da rabin aski a kai.

"Ta ina?"

Mainasara ya dubi igiyoyin, duk suna rawa iri ɗaya.

"Ta ko'ina!"

Aka warwatsu, aka zagaye filaye, ko akuya ba a gani ba. Da aka dawo ana haki, sai ya ce, "Madalla, kun yi sauri. Gwaji na. Na'urori na gaisawa da juna, haka aka yi rana ta hwarko."

"To su rage dogon gaisuwa," in ji mai rabin aski.

Da azahar jiniya ta sake tashi. Wannan karon kam an kama wani abu. Tsohuwa Taiba ce, ta zo ba wa zabinta tsaki, igiya ta harɗe mata ƙafa ta faɗi, gwangwanaye sun nannaɗe ta kamar amarya da kayan ado. Mainasara ya iso da gudu ya nuna ta da sanda.

"Tsaya nan! Wane ne? Hwaɗi sunanka da inda kah hito!"

"Sunana? Ɗan nema, ni nid dahwa wa uwarka ruwan jego ranar da anka haihe ka! Tun a nan kaka da baki ya hi kanka. Kwance ni!"

"Inna, doka ta. Ko Maigari na'ura ta kama sai ya hwaɗi sunanai."

"Allah shi haɗa ka da na'urar da ta hi ƙarhinka. Dubi zabina, tun sahe ba su yi shiru ba, wa za ya ga ƙwai?"

Mainasara ya juya wajen jama'a fuskarsa cike da fara'a. "Kun gani? In ta kama tsohuwa marar nauyi, ina ga bajimi?"

Mai gani shi ne bai yi aiki ba sai bayan kwana biyu, amma da ya tashi yi ya yi da gaske. Malamin gona ne ya taho daga Bakura a kan babur, yana bin gefen kanal, rana ta daki madubin Baturiya, madubi ya mayar masa da ita cikin ido. Bai ga kwanar hanya ba. Shi da babur da jakar takardu suka faɗa ruwa, sai hularsa aka gani tana tafiya ita kaɗai wajen Birnin Tudu. Aka ciro shi yana tari yana tambayar wane mahaukaci ne ya rataya madubi a kan itace.

"Yallaɓai, ba madubi ba na, rada ta, na'urar soja mai hango na nesa," in ji Mainasara. "Gudu kaka yi ya wuce ƙa'ida, shi ya sa tak kama ka."

Malamin gona ya tura babur ɗinsa ya tafi yana ɗiga.

Haka aka yi ta yi. Iska ta kaɗa, jiniya. Ƙadangare ya hau gwangwani, jiniya. An kai wata jaka kasuwar Bakura ta wuce ta burtali, jakin Mainasara ya hango ta, ranar kam jiniya ba ta tsaya ba sai da aka yi la'asar. Mutane suka rame don gudu. Karen Ɗanasabe murya ta dishe, zabi suka fara zubar da gashi.

Rannan da tsakar rana, Mainasara na kwance a kan rumfa hular kwano a kan fuska, ya ji ana ƙwanƙwasa dirka. Ya leƙo. Barau ne tsaye, riƙe da wani ɗan maraƙi da ganyen alkama a baki.

"Salamu alaikum, Kwamanda. Ga baƙo ya zo gaisuwa. Cikin hilina nis same shi, ya ce ya sallama bakin iyaka ba a amsa ba."

Mainasara ya duba. Kare na barci, zabi na barci, jaki ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce uffan.

"Ba ya yiwuwa," ya ce. "Akwai maƙarƙashiya."

Ya sauko ya bi igiya yana dubawa, Barau da maraƙi na biye da shi. Can kusa da burtali ya ga inda gara ta cinye igiyar, ta rabu biyu. Ya yi tsalle don murna kamar wanda aka yi wa bushara.

"Na hwaɗi! Abokin gaba daga ƙarƙashin ƙasa yaz zo. Ba laihin na'ura ba na."

"To sai a ɗaura wa gara gwangwani ita ma," in ji Barau.

Maganin da Mainasara ya samo, shi a ganinsa, ko sojan gaske bai taɓa tunaninsa ba. Ya ce gara ba ta son abu mai gishiri. Ya kai tsoffin takalmansa na kamfani kasuwar Bakura ya musanya da kanwa, ya haɗa da ta miyar Baturiya, ya juye mata gishirinta kaf, ya dama a rabin duro. Ya kwance igiyoyin ya jiƙa su suka sha suka ƙoshi, ya shanya, ya mayar. Ragowar ruwan ya shafe dirkokin hedikwata da shi tun daga ƙasa har sama, kada gara ta kayar da kwamanda.

Gara kam ta bari, gaskiya ɗaya ce. Sai dai tun daga ranar awakin tunga suka daina kiwo. Da an sake su sai bakin filaye, su jeru a jikin igiya.

"Malam," in ji Baturiya, "awakin gari duk sun koma lasar igiyarka."

"Ko dabba ta san aiki mai kyau."

"Ba kyawo sunka gani ba, kanwata sunka ji."

"A ɗaure awaki, doka ta."

Aka ɗaure awaki, mata na tsaki. Da abin ya ishi mutane suka koma wurin Maigari, suka ce a kwashe igiyoyin nan a yi ƙayar Barau tun alkama na da sauran rai. Ardo Buba ma yana zaune, ya zo ba da haƙuri kan maraƙin. Mainasara ya ga rawani na neman suɓuce masa, sai ya tashi ya bugi ƙirji.

"Ranka shi daɗe, a gwada ni gaban kowa. Ardo, gobe bayan la'asar ka kawo shanunka duka, ka sake su bakin burtali, ka aje sandarka. In ƙahwa guda tat taka alkama ban sani ba, a canza min suna."

Buba ya dube shi da kyau. "Mainasara, nagge ba ta san soja ba hwa. In sun yi ɓarna, wa za a kama? Ni ba ni son rigima da mutanen tunga."

"In sun ci na wani, a ɗiba ga nawa a biya shi. In sun ci nawa, na yahe, duniya da lahira. Maigari shaida, jama'a shaida."

"Mun shaida," in ji Barau, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Baturiya zaune a bakin murhu, ba ta hura wuta ba.

"Malam, da gaske ka yahe alkamata?"

"Magana ta ta maza, Baturiya. Babu abin da za ya taɓa ta."

"Ka taɓa ɗaukar ko tulu guda na ruwa ba ni nit tasa ka ba? Kai ka yahe abin da ba ka sha wahalatai ba." Tsoro ne ya kama ta sosai, don ta san mijinta. "Ka tai ka janye maganar ga tun da sauran rana."

"Soja bai ja da baya."

Kashegari filayen suka cika. Mutane sun zo daga Birnin Tudu, har da wasu daga hanyar Maradun da suka ji ana cewa za a yi yaƙi da shanu. Masu ƙosai da gyaɗa suka kafa kasuwa. Malamin gona ma ya zo, amma da ƙafa. Aka shimfiɗa wa Maigari buzu a gindin gawo. Mainasara ya wanke kaki, ya hau hedikwata, ya sara wa gabas ya sara wa yamma.

Bayan la'asar ƙura ta tashi. Garken Buba ya iso bakin burtali, wani jan bajimi mai ƙaho kamar rassan itace yana gaba. Buba ya cika alkawari, ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, ya koma gefe.

Bajimi ya dubi alkama. Ya ɗaga hanci. Sai ya kau da kai daga alkamar, ya sunkuya ya shinshini igiya, ya zaro harshe ya lasa. Ya sake lasa. Ya yi wani gurnani na jin daɗi, sauran shanu suka taso. Dabbar da ta yi wata da watanni ba ta ga kanwa ba, yau ga ta an shimfiɗa mata a hanya! Wasu suka bi bajimi, wasu suka zagaya suka samu sauran igiyoyin. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya a kan 'yan tudun nan, suna lasa suna tauna suna gaba, cikin natsuwa kamar masu zuwa ɗaurin aure.

Gwangwanaye suka kaure. Zabi suka fasa kwando suka tashi sama, Taiba na bin su da salati. Mai shinshina ya ga ƙahoni, ya zame wuya daga igiya ya nufi gida ko waiwaye babu. Mainasara na ta tsalle a kan rumfa.

"Kun ji? Kun ji? Ta kama su! Duka ta kama su!"

"Ta kama su kam," in ji Barau, "ga ta nan tana jawo maka su."

"Rundunar gabas, ku tare! Rundunar yamma, ku kora!" Mainasara ya daka wa magidanta tsawa.

Runduna ta ruga, amma da isa kowa ya ga abin da ke akwai. Hanyar siririya ce, alkama dama da hagu. Duk wanda ya daki saniya a nan, cikin filinsa za ta faɗa. Saboda haka kowane magidanci ya je ya tsaya a bakin nasa filin, ya buɗe hannuwa, yana lallashi.

"Sannu, sannu, ku wuce. Hedikwata na gaba."

"A hankali, jar saniya, miƙe dai, Kwamanda na jiranku."

Shanu suka wuce lafiya lau. Ta gabas, ta yamma, ta kudu, ta arewa, duk inda igiya ta bi suka bi, igiya kuwa wuri ɗaya ta nufa. Jaki ya ji ana jan wuyansa ta kowane gefe, ya yi kukan da bai taɓa yi ba, ya fizge, ya keta ta tsakiyar masu ƙosai da sauran gwangwanaye a bayansa. Garke ya haɗu a tsakiyar filin Mainasara. Igiya ta ƙare, suka koma kan dirkoki, masu lasa na lasa, masu soshe wuya na soshewa. Waɗanda ba su samu dirka ba suka duba ƙasa, suka ga ashe a kan abinci suke tsaye. Kanwa kuma, kowa ya sani, buɗe ciki take yi.

"Ardo! Ardo, kira su! An tsai da gwaji!"

"Kai kac ce in aje sanda!" Buba ya amsa daga nesa, yana gudu yana kiran shanunsa da sunayensu, amma ina, kwaramniya ta hana su ji.

Hedikwata ta karkata dama, ta karkata hagu. Mainasara ya rungume dirka yana busa usur. Bajimi ya sa kafaɗa ya yi soshi ɗaya mai kyau, rumfa ta durƙusa, Kwamanda ya sauka daidai kan tozonsa. Bajimi ya zabura. Aka ga Mainasara ya wuce ta gaban Maigari yana kallon wutsiya, ƙafafu a sama, usur na ƙara a bakinsa. A bakin kanal bajimi ya ci birki, shi kuwa bai ci ba. Ya faɗa daidai inda malamin gona ya faɗa rannan.

"Gudu kake ya wuce ƙa'ida," in ji malamin gona, yana leƙa shi.

Dariya ta ɓarke, har Maigari ya kwanta a kan buzu yana share hawaye. Bajimi ya koma cikin garke da hular kwano a rataye a ƙaho.

Sai aka hango Baturiya. Ta shiga tsakiyar shanun ita kaɗai, tana dukansu da mayafinta, tana tura ƙeyar wata da hannu biyu, ba ta ko ihu. Dariyar ta mutu. Maza suka ji kunya suka shiga suka taya Buba, aka fitar da garken. Amma an makara. Inda alkama take sai taɓo da kashin shanu da guntayen gwangwani. Baturiya ta duƙa tana tsintar 'yan kawunan da aka tattake tana zubawa a bakin zaninta, ba su cika tafi biyu ba. Babu wanda bai ji tausayinta ba, har Barau ya kau da kai.

Maigari ya zagaya filayen da kansa. Ko ganye ɗaya ba a taɓa wa kowa ba. Ya dawo ya tsaya gaban Mainasara, wanda aka ciro daga kanal yana zubar da ruwa.

"Ikon Allah. Mainasara, hilayen tunga duka sun tsira, saura naka. Naka kuwa ka yahe gaban shaidu."

"Ranka shi daɗe," in ji Barau, "ni dai ina ganin a ba shi rawanin. Sharaɗi guda, baɗi ma hedikwata ta zamna inda take."

Jama'a suka ce sun yarda, da babbar murya. Kuma wallahi, maimakon Mainasara ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, sai aka ga ƙirjinsa na tasowa a cikin jiƙaƙƙen kaki.

"Ai da ma tsarin ke nan, ranka shi daɗe. Soja na ce mishi jawo abokin gaba cikin tarko. Ban so in hwaɗa muku ba tun hwarko, don sirri na."

Ya juya ko Baturiya ta ji. Ta riga ta kama hanyar gida.

Da magariba ya shiga gida yana ɗingishi, ya zauna a kan tabarma, ya yi gyaran murya ya ce a kawo wa Sarkin Gadi abinci. Baturiya ta tashi. Ta kawo ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ajiye akushi a rufe da faifai, ta koma gefe ta zauna. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe.

Guntun igiyar rama ne a naɗe a ciki, da ɗan ƙullin kanwa a kai.

"Baturiya, mi na na wanga?"

"Lasa, Kwamanda," ta ce. "Shanu sun ce da daɗi. Ka riƙa yi a hankali, shi na abincinmu har damina."